Kare Jini, Biri Jini: Taimakon Gaggawa ga Karen Aiki da Haƙƙinsa a Kan Masu Aiki da Shi

 

1. Gabatarwa

Na san akwai wanda da ya ga kan wannan lacca zai ce a ransa, ashe masana sun rasa abin magana sai kare. Wani ma zai ƙara da cewa, a ƙasar da mace mai naƙuda ke hawa bayan babur zuwa asibiti, ina aka ga sararin zancen jinyar dabba? Tambaya ce mai nauyi, kuma zan amsa ta kafin in zauna. Abin da nake roƙo shi ne a ba ni aron kunne tukuna.

Abin da nake nufi da karen aiki shi ne duk karen da ɗan'adam ya horar, ya kuma ɗora masa wani nauyi: karen 'yan sanda mai bin sawun ɓarawo, da mai sansano ƙwaya ko nakiya a tashar jirgi, da karen mafarauci, da na makiyayi, da wanda ke kwana a bakin rumbu. Dukansu mutum ne ya tura su inda za a ji musu ciwo. Tambayar da wannan lacca ke son warwarewa ita ce: in karen nan ya faɗi yana zubar da jini, wa zai taimake shi a cikin 'yan mintocin farko, da wane sani, da kuma wane izini?

Zan bi maganar ta fuska huɗu. Da farko za mu duba matsayin kare a harshenmu da a littattafan malamanmu. Sa'an nan mu leƙa Amurka da Ingila mu ga yadda raunin karnuka biyu ya sa aka sake doka. Daga nan mu dawo gida mu auna halin da muke ciki. A ƙarshe in bayyana abin da mai taimako zai yi da hannunsa, da abin da hukuma za ta yi da alƙalaminta.

2. Kare a bakin Bahaushe

Mai nazarin harshe yakan fara da kalma, domin abin da al'umma ta ɓoye a zuci yakan fito a karin maganarta. In muka tattara inda kare ya fito a Hausa za mu tarar da abu biyu masu karo da juna.

A gefe guda kare abin zagi ne. In an ce da mutum ɗan kare, an gama da shi. Yaron da ke bin direba yana ɗaura kaya ana ce masa karen mota. Wanda wani babba ke turawa ya ci mutuncin abokan hamayya, a siyasarmu, karen farauta ake kiransa. Wanda ke sheƙe ayarsa ba mai tsawata masa, sai a ce yana cin karensa ba babbaka. A duk waɗannan, kare alama ce ta ƙasƙanci.

A ɗaya gefen kuwa, harshen nan dai ya shaidi basirar kare da amfaninsa. Mun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, watau kowane zamani da gwanayen da ke iya masa. Mun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, watau mun lura da cewa hancinsa ke ja masa gora. In kuma gumurzu ya yi gumurzu, kowane ɓangare ya ji jiki, sai mu ce an yi kare jini, biri jini. Wannan magana daga dawa ta fito. Wanda ya fara faɗinta ya ga karensa ya kara da biri, ya kuma ga yadda ya dawo. Abin lura shi ne, maganar ta tsaya a kan jinin, ba ta gaya mana abin da aka yi wa karen bayan nan ba.

A wajen mafarauta abin ya sha bamban da na sauran jama'a. A ƙasar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, in an kawar da amfanin gona sai a shiga farautar rani, a yi gayya daga gari zuwa gari, 'yan tauri da maharba su fito da gora da barandami, makaɗa na zuga su. Kowane kare da sunansa, wani har da kirarinsa da layarsa a wuya. Mafarauci na iya haƙura da rigarsa, amma a taɓa masa kare sai a ji kansu. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Bahaushe bai san darajar kare ba. Wanda ke aiki da shi ya sani sarai. Abin da ya rasa shi ne ilmin ceto shi in ya ji rauni mai tsanani.

3. Kare a littattafan malamanmu

Mutane da yawa in an yi zancen taɓa kare sai su kawo hujjar addini. To, bari mu duba abin da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, na mazhabar Imamu Malik.

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da dabbar farauta horarriya ta kamo, in an ambaci sunan Allah. Ke nan horar da kare aiki ne da shari'a ta san da shi. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin nan da suka fake a kogo, yana kwance a bakin ƙofa. A Muwaɗɗa da Buhari da Muslim akwai hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, aka kuma bayyana cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Hadisan da suka hana ajiye kare kuwa sun keɓe na farauta da na kiwo da na gona.

A fannin tsarki, abin da Muhtasar na Shaihu Halil ya tafi a kai shi ne, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa. Wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallagi a ruwan cikinta, a mazhabarmu, bin umurni ne na ibada, ba a ɗauke shi hujjar cewa jikin kare najasa ne ba. Wasu mazhabobin sun saɓa, kuma muna girmama su. Jinin da ya kwarara dai najasa ne, na kare ko na rago, kuma ruwa ke gusar da shi. Mahauci ba ya barin sana'arsa don jini, wanka yake yi ya sake tufa ya tafi masallaci.

Har ila yau, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ta nuna cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin riƙewa, sai ya biya ƙimarsa. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi, ga kuma tsoro a gari. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Mutumin da ke kwana da ido ɗaya a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ba ya bukatar a yi masa dogon sharhin wannan labari.

4. Karnuka biyu da suka sa aka sake doka

Aikin 'yan sanda da karnuka a tsare ya samo asali ne a birnin Gent na ƙasar Beljiyam a 1899, daga nan ya bazu zuwa Jamus da Ingila da sauran duniya. Dalili kuwa hanci ne. Ƙwayoyin jin ƙanshi a hancin mutum ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba, alhali na irin karnukan da ake horarwa sun haura miliyan 200. Ga kuma tsadar horo, don kafin kare ya ƙware sai an yi watanni ana ɗawainiya da shi tare da mai riƙonsa.

A watan Oktoba na 2016, a garin Stevenage na Ingila, wani ɗan sanda mai suna Dave Wardell da karensa Finn suka bi wani matashi da ake zargi da fashi. Matashin ya daɓa wa karen wuƙa a ƙirji, ya kuma sare shi a kai, amma Finn bai sake shi ba har aka kama shi. Likitocin dabbobi suka yi masa aiki ya rayu. Da aka zo shari'a, sai ya zamana laifin da aka tuhumi matashin da shi game da karen shi ne ɓarnata dukiya, tamkar wanda ya fasa taga. Wannan ya tayar da hankalin jama'a, har majalisa ta yi dokar kare dabbobin aiki wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2019, ana kiranta Dokar Finn. A 2021 kuma aka ɗaga hukuncin zaluntar dabba zuwa ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

Labari na biyu ya fi kusa da batunmu. Ranar 12 ga Afrilu, 2018, a Jihar Masacuset ta Amurka, Saje Sean Gannon na 'yan sandan Yarmouth ya shiga wani gida da karensa Nero don kama wani da ake nema. Mutumin ya harbe Gannon har lahira, ya kuma harbi karen. Ga motocin asibiti a wurin, ga ma'aikatan agaji da kayan aikinsu, amma dokar jihar ta wancan lokaci ba ta ba su izinin jinyar dabba ko ɗaukarta ba. A bayan motar 'yan sanda aka kai Nero asibitin dabbobi, Allah kuma ya yi da sauran kwanansa. A watan Fabrairu na 2022 Gwamna Charlie Baker ya sa hannu a kan Dokar Nero, wadda ta ba ma'aikatan agajin gaggawa damar yi wa karen 'yan sanda taimakon farko, su kuma ɗauke shi a motarsu. Wasu jihohi sun riga ta: Kolorado ta yi irin wannan doka a 2014, Ohayo a 2016.

Akwai sharaɗi guda a Dokar Nero da nake so ɗalibai su rubuta, don shi ne amsar tambayar da muka fara da ita. Ba a juya ga kare sai in babu mutumin da ke bukatar jinya ko ɗauka a wurin. Ɗan'adam ne farko, ko da kuwa shi ne ɓarawon da aka zo kamawa. Babu wanda ya ce a sauke majinyaci a ɗora dabba.

5. Halin da muke ciki a gida

A Nijeriya rundunar 'yan sanda tana da sashen dabbobi mai kula da karnuka da dawaki, da likitocinsa. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, tana aiki da karnuka masu sansano kaya. Amma waɗannan karnuka sun fi yawa a manyan birane da filayen jiragen sama da tashoshin ruwa. A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Ɗanmusa, karen da ke aikin tsaro na yau da kullum shi ne na mafarauci da na makiyayi da na mai gona. Shekarun da aka yi ana fama da ɓarayin daji sun ƙara masa aiki, domin a ƙauyen da ba fitila ba waya, haushin kare shi ne ƙararrawar farko. Saboda haka ma shi miyagu ke fara nema da harsashi ko guba.

Ta fuskar ilmin likitancin dabbobi ba mu da talauci. An kafa sashen kula da dabbobi a Zariya a 1913, aka mayar da shi Vom a 1924, inda cibiyar binciken nan ta ƙasa take har yau, tana yin alluran rigakafi. Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da likitocin dabbobi tun tsakiyar shekarun 1960, kuma tana da asibitin koyarwa, haka ma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Sai dai kare da aka sara a dajin yamma da Karofi ba zai kai Zariya da rai ba. Jijiyar jini in ta tsinke, mintoci take bayarwa.

Ta fuskar doka, muna da dokar likitocin dabbobi ta 1969 wadda ta keɓe wannan sana'a ga wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta yi wa rajista. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa zaluntar dabba cikin laifuffuka. Game da mutane kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar majinyacin gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

In mun haɗa waɗannan za mu ga bambancinmu da Masacuset. Su suna da mota da ma'aikaci a wurin, doka ce ta ɗaure musu hannu. Mu kuwa a galibin lokaci ba motar, ba ma'aikacin. Mai agajin farko a ƙasarmu shi ne wanda ke tsaye kusa: mai karen, ko abokin farautarsa, ko ɗan sintiri, ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma in an yi sa'a. Ke nan hannun da ya kamata a koya wa aiki shi ne wannan.

6. Abin da mai taimako zai yi

Abin da zan faɗa a nan sananne ne a wajen likitocin dabbobi, kuma ba ya maye gurbinsu. Manufarsa a kai kare gare su yana numfashi.

Na farko, a tabbata wurin ya lafa, a kuma duba mutane. Sa'an nan a sa wa karen takunkumi. Kare mai jin zafi yakan ciji ubangidansa, ba don ƙiyayya ba. Ƙyalle mai tsawo ko bandeji ya isa: a zagaya baki, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a kai bayan kunnuwa a ɗaure. Amma ba a sa takunkumi ga karen da ke amai, ko mai wahalar numfashi, ko wanda zafi ya buge, don da baki yake shan iska.

Na biyu, a san yadda lafiyayyen kare yake, don a gane marar lafiya. Zafin jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne, watau ya ɗara na mutum kaɗan. Ana jin bugun jininsa a cikin cinya ta wajen matsematsi. A ɗaga leɓe a dubi dasashi: in ja-ja ne mai haske, jini na gudana, in ya yi fari fat, jini ya zuba da yawa, ko a waje ko a ciki.

Na uku, zubar jini, wadda ita ce ta fi gaggawa. Karen gida mai nauyin kilo 15 jinin jikinsa duka bai fi lita ɗaya da kwata ba sosai. In ya zubar da kwatankwacin ledar ruwa guda ta rabin lita, ya shiga haɗari. Magani shi ne a danna. A sami ƙyalle mai tsabta a cusa cikin raunin, a danna da ƙarfi na mintoci ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa, kada a cire na farko. Sa'an nan a naɗe da bandeji. Irin ɗaurin da ake yi wa hannun mutum don tsayar da jini ba ya kama ƙafar kare sosai, don cinyarsa tana da faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, sai ɗaurin ya zame.

Na huɗu, raunin ƙirji da ciki. In an huda ƙirji har ana jin iska na shiga, a rufe ramin da leda mai tsabta a manne, a yi sauri. In hanji ya fito, kamar yadda haƙorin gyado kan yi, kada a tura shi ciki. A rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa, a naɗe a hankali. In kibiya ko wuƙa ko tsinke ya nutse a jiki, kada a zare, domin wani lokaci shi ne ya toshe jijiyar.

Na biyar, bugun zafi. Kare ba ya gumi kamar mutum, haki ne ke sanyaya shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin ƙasar nan ke haura digiri 40, kare na iya faɗuwa ba wanda ya taɓa shi. Alamunsa haki mai tsanani, da dalala, da tangaɗi. In zafin jikinsa ya wuce digiri 41, kayan cikinsa na fara lalacewa. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita. A fara sanyayawa kafin a kama hanya.

Na shida, maciji da guba. In kububuwa ko kasa ta sari kare, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa ga likita. In maciji mai tofi ya fesa masa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. In ana zaton guba ce, a tafi da ragowar abin da ya ci ko kwalbar maganin.

Akwai kuma abubuwan da za a bari. Zuba baƙin mai ko toka ko ƙasa a rauni yana ƙara cuta. Shafa wa kare maganin ƙwarin gona don kashe kaska ya hallaka karnuka da dama. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen, suna ɓata wa kare ciki da ƙoda. Wajen ɗauka kuwa, a shimfiɗa shi a kan buhu ko faifan katako, mutum biyu su ɗaga, musamman in ana zaton karaya a baya.

Duk kayan da wannan aiki ke bukata, watau bandeji da auduga da safar hannu da almakashi da sabulu da leda, za su shiga jakar da ba ta fi ta ɗan makaranta ba.

7. Inda lafiyar kare ta haɗu da ta mutum

Wanda bai gamsu da hujjar tausayi ba, ga hujjar kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. In alamun ciwon suka bayyana, kusan ba mai tashi. Amma tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira, aka san cewa ana iya tare ciwon kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Karen farauta da na kiwo su ne ke cuɗanya da namun dawa da baƙin karnuka, su kuma dawo gida cikin yara. Mai yi wa kare jinya kuwa hannunsa na kusa da haƙora. Don haka duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya maganin gida. A tsare karen a lura da shi kwana 10. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, ciwon yakan daina yaɗuwa. Mutumin da ya saba kai karensa wajen malamin dabbobi don rauni, shi ne zai kai shi don allura. Rigakafi dai ya fi magani.

8. Shawarwari da kammalawa

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran kuɗi masu yawa ba.

Na ɗaya, sassan kula da dabbobi na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su shirya horo na yini guda ga mafarauta da makiyaya da 'yan sintiri, a yi shi bayan kaka kafin a buɗe farauta, ta hannun hakimai da magaddai da shugabannin mafarauta. A haɗa shi da allurar haukan kare a rana guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, duk hukumar da ke riƙe da karnukan aiki ta ba kowane mai riƙo jakar taimakon farko, da lambar likitan dabbobi mafi kusa. Rundunar tsaron al'umma da Gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023 tana aiki a ƙauyukan da wannan matsala take, saboda haka ya dace a sa wannan darasi cikin horon taimakon farko da ake ba irin waɗannan jami'ai. Danna rauni don tsayar da jini aiki ɗaya ne, ko a jikin kare ko a jikin abokin aiki, wanda ya iya ɗaya ya kusa iya ɗayan.

Na uku, ma'aikatun lafiya da na dabbobi da na shari'a su zauna da likitocin dabbobi su rubuta ƙa'ida a fili: abin da ma'aikacin agaji zai iya yi wa dabbar aiki, da inda zai tsaya, da sharaɗin cewa mutum ne farko. Gara a rubuta ta tun ba a yi asara ba, kada mu jira irin abin da ya sami Nero.

Na huɗu ya shafe mu, malaman Hausa da ɗalibanmu. Ilmin nan yana cikin littattafan Turanci, masu bukatarsa kuwa Hausa suke ji, wasu da ajami suke karatu. Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita suna da ɗaliban da za su iya shiga ƙauyuka su tattaro sunayen da mafarauta ke kiran raunuka da cututtukan kare da magungunansu, a kai wa likitoci su tantance mai amfani da mai cutarwa, a fitar da ɗan littafi da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo. Tsofaffin da suka san waɗannan kalmomi suna ƙarewa.

Jama'a, Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun ci naman da kare ya kamo, mun yi barci a kan haushinsa, mun tura shi gaba inda mu muka ja da baya. Addininmu ya yi alkawarin lada ga wanda ya shayar da shi, malamanmu sun sa masa ƙima, lafiyar 'ya'yanmu kuma tana rataye da tasa. Abin da ya rage shi ne mu koyi aikin minti goma na farko, mu kuma koyar da shi.